Sanarwa ga ƴan uwa masu walda kan damina

Assalamu alaikum iyayen gida da ƴan uwa, barkanmu da aiki, ya ruwa?

Kun dai ga yadda iska ta cika da laima, kuma wallahi ita ke ɓata mana sandar walda. Hodar jikinta na shan danshi, kana ɗorawa sai tartsatsi da tofi, in ka kankare dattin ka tarar da ƙananan huji kamar cin gara, sanda mai lamba 7018 kuwa ba ta son danshi ko kaɗan, ɗinki ya yi kyau a ido amma daga baya ya tsage. A kan ginshiƙin tankin ruwa wannan ba wasa bane.

Shi yasa za mu haɗu ranar Asabar bayan La'asar a inda muka saba, kowane shago ya zo da gudummawarsa mu sayi oban na busar da sanda, don 7018 da aka buɗe tana so ta zauna a zafin wajen digiri 120 na ma'aunin Celsius, shanya a rana ba ta isa ba.

Kafin nan dan Allah kar a bar fakiti a buɗe ko a ƙasan siminti, a goge ƙarfe ya bushe, yara kuma kar su riƙe holda, wato mariƙin sanda, da jiƙaƙƙen safar hannu.

Allah ya tsare mu, ya sa wa sana'a albarka.