Wasiƙa zuwa ga Yaya kan motar da ba ta da salansa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Umma. Ni ma lafiya lau nake a nan Oslo, babban birnin Norwe, sai dai hunturu ya kankama. Kafin ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya yi duhu, mutum ya yi ta hamma kamar dare ya raba.

Saƙon muryarka ya iso, sau biyu na saurare shi ina dariya. Ka ce ka ƙura wa hoton tasin da nake tuƙawa ido, ka leƙa bayanta ba ka ga salansa ba, har ka ɗauka na yanke hoton ne. Sannan ka jefo tambayar: da gaske motar lantarki tana gyara muhalli, ko dai an sayar da kare ne an sayi biri? Amsar ba za ta shiga saƙon minti biyu ba, shi ya sa yau da nake hutu na zauna na rubuto maka.

Bari in fara da abin da na san zai fi damunka a matsayinka na bakanike. Ranar da aka ba ni motar na buɗe gabanta ina neman inji, sai na tarar da ɗan akwatin ajiye kaya da wurin zuba ruwan wanke gilashi. Babu fulogi, babu kuloci, babu juyen baƙin mai, babu giya biyar. Batirin yana shimfiɗe a ƙarƙashin kujeru kamar katifa, nauyinsa ya doshi rabin tan. Idan na ɗaga ƙafa daga totur motar da kanta take rage gudu, tana mayar da ƙarfin tafiyar cikin batir, har sai in yi rabin yini ban taka birki sosai ba. Abin dariya, da na kai ta dubawa, ƙorafin bakaniken shi ne faifan birkin ya yi tsatsa saboda rashin aiki. Na tuna yadda kake yi mini faɗa ina yaro cewa ina cinye birki.

A ƙasar nan ba ni na zaɓa ba. Tun watan Nuwamban 2024 dokar birnin Oslo ta ce tasi ba za ta yi aiki ba sai marar hayaƙi. Mutanen gari kuwa sun riga mu: a 2024, kusan tara cikin kowace mota goma sababbi da aka saya a Norwe na lantarki ne zalla, kuma a watan Satumban shekarar yawansu a kan titi ya zarce na masu shan fetur, ko da yake masu dizal ba su ƙare ba. Kada ka ɗauka tsabar son muhalli ne ya kawo haka. Tun 2001 gwamnati ta ɗauke wa motar lantarki harajin kaya na kashi 25 cikin ɗari, ta sassauta mata kuɗin ƙofar hanya, ta lafta wa mai fetur haraji mai nauyi. Sai a 2023 aka fara karɓar harajin a kan abin da ya haura kurona 500,000 na kuɗin motar. Aljihu ne ya yi wa'azin, mutane suka ji.

To, abin da hancina ya shaida ba na jayayya da shi. Oslo tana cikin kwari ne, tuddai sun kewaye ta, idan sanyi ya kwanta babu iska sai hayaƙi ya tsaya a kan gari ya ƙi tashi. A Janairun 2017 sai da aka hana motocin dizal hawa titunan birni na ɗan lokaci saboda iskar ta ɓaci. A shekarun da nake tuƙa mai dizal, idan muka jeru a layin tasi na tashar jirgin ƙasa da asuba, kowa ya bar injinsa a kunne don ɗumi, ina komawa gida da ciwon kai, rigata tana warin hayaƙi. Yanzu a layin nan ɗin dai, mota goma sha biyar a jere, kana jin takun mutumin da ke tafe a kan ƙanƙara. Wannan kam riba ce da ba ta bukatar lissafi.

Wanda ke bukatar lissafi shi ne iskar kabon mai ɗumama duniya, wadda ba a gani ba a shaƙar warinta. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 nata, ta dizal kimanin 2.6. Ni nakan yi wajen kilomita 60,000 a shekara, tsohuwar motata kuma tana shan lita shida a kowace kilomita ɗari. Ka buga ka gani: lita 3,600, wato sama da tan tara na wannan iska daga salansata ni kaɗai a shekara guda. Kuma kai ka fi ni sanin cewa yawancin man nan ba tafiya yake zama ba, zafi yake zama. Abin da ke isa ga taya bai cika kai kashi ɗaya cikin uku ba, sauran yana bin lagireto da salansa ya watse. Motar lantarki kuwa fiye da kashi uku cikin huɗu na wutar da ta sha yana isa ga taya.

Wannan ɗin ma yana da nasa haraji, na biya shi da jikina. Zafin banzan da injin fetur ke zubarwa shi ke ɗumama cikin mota kyauta. Tawa ba ta da shi, daga batir take ɗebo ɗumin. Wani dare sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, na ɗauki fasinja zuwa filin jirgin sama na Gardermoen, ina kallon awon batir yana zubewa kamar tulu mai yoyo. A dawowa na kashe na'urar ɗumi, na tuƙa da safar hannu da hula, numfashina yana tururi a cikin mota, har na isa wurin caji da kashi huɗu. Batir mai sanyi kuma ba ya karɓar wuta da sauri, na zauna kusan awa guda ina karkarwa. Ban faɗa wa Umma ba, kai ma kada ka faɗa.

Yanzu ga inda maganarka ta kare da biri take da ƙafa. Motar lantarki da bashi take fitowa daga masana'anta. Haƙo ma'adinan batir, tace su, gasa su a haɗa, duk wuta suke ci, kuma yawancin aikin a ƙasar Sin ake yinsa inda kwal ke ba da fiye da rabin lantarki. Saboda haka ranar da aka ƙera ta, ta fi ta fetur laifi. Da tafiya take biyan bashin. Ga mai tuƙi na yau da kullum a Turai yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, ga irina mai kwana a titi bai kai haka ba. Daga nan kuma riba ce har motar ta tsufa. Wata cibiyar bincike kan sufuri mai suna ICCT ta lissafa rayuwar mota gaba ɗaya a 2021, daga rami har zuwa bola, ta samu cewa matsakaiciyar motar lantarki a Turai tana rage wannan iska da kashi 66 zuwa 69 cikin ɗari idan aka gwada ta da mai fetur. A Sin kashi 37 zuwa 45. A Indiya kuwa kashi 19 zuwa 34 kacal.

Ka ga mota ɗaya ce, amsa uku. Bambancin yana ga abin da ke ƙarshen wayar caji. A nan kusan kashi 90 cikin ɗari na wuta daga madatsun ruwa take fitowa, ruwan duwatsu ne ke tura ni. A Indiya ko Folan ko Afirka ta Kudu, inda kwal ke riƙe da wuta, salansar tana nan, an dai cire ta daga bayan mota an kafa ta a tashar wuta. Wanda kuma zai tayar da janareton dizal don ya yi cajin mota, ban san wa yake yaudara ba.

Akwai wani abokin aikina, mutumin Kongo ne daga wajen Kolwezi, muna yawan haɗuwa a wurin caji da dare. Shi ya fara sa jikina ya yi sanyi da motar nan. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya, wani ma'adini da ake sa wa a batir, daga ƙasarsu yake fitowa, kuma bayan manyan kamfanoni akwai dubban masu haƙa da hannu, da diga da shebur da fitila a goshi, suna shiga ramukan da babu abin tokare su. Ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto a 2016 kan yaran da ke tsintar duwatsun suna wankewa. Ya nuna mini hoton unguwarsu a waya, rami a tsakar gidan mutum, kusa da igiyar shanya. Ya ce mini dangin nasa ba su taɓa shiga motar lantarki ba, wutar gida ma ba kullum suke gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka litiyam, shi ma ma'adinin batir: Ostireliya ke kan gaba, Chile ma tana cikin manya, inda ake zuƙo ruwan gishiri daga ƙarƙashin hamadar Atacama a shanya shi a rana, a wurin da ruwa ya fi komai tsada. Nikel kuma fiye da rabinsa daga Indunusiya ne, ana sare daji a tsibirin Sulawesi, ana narka shi da wutar kwal.

Amma in yi adalci, shi kansa bai ce a koma fetur ba. Man fetur ma haƙo shi ake yi, kuma ka san abin da malalarsa ke yi wa ruwa da gonaki. Bambancin shi ne ma'adinin batir sau ɗaya ake haƙo shi, yana nan a cikin motar shekara goma sha, daga baya a niƙa batirin a ciro shi, kamar yadda ake yi a wata masana'anta a garin Fredrikstad na ƙasar nan tun 2022. Litar mai kuwa da ta ƙone ta tafi ke nan, gobe sai wata. Sannan batir masu ƙarfe da fosfet, waɗanda kamfanonin Sin irin su BYD da CATL suka yawaita, babu kobalt ko nikel a cikinsu ko kaɗan, kuma suna ta cin kasuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba batir ba ne ma. Ƙasar nan da take alfahari da tsabtar titinta, mai da iskar gas take haƙowa a teku tana sayar wa duniya, da kuɗinsu ta tara asusun da ya haura dala tiriliyan ɗaya. Fasinjojina sun san haka, wasu su yi dariya, wasu su sauya zance. Tsofaffin motocin masu hayaƙi kuma da ƙasashe masu arziki ke rabuwa da su ba duka ake rushewa ba. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya motocin gwanjo miliyan 14 da suka fita daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kaso mafi tsoka Afirka ya nufa. Shi ya sa Habasha ta burge ni da ta hana shigo da motocin fetur da dizal a 2024, tana taƙama da wutar madatsarta.

Sannan mota dai mota ce. Tawa ta fi takwararta mai dizal nauyi, tayoyinta suna saurin cinyewa, ƙurar taya da ta kwalta kuma huhun mutane take shiga. Idan bazara ta zo ƙanƙara ta narke, za ka ga baƙar ƙura kwance a gefen titi. Da safe nakan tsaya a cunkoso ina kallon manya-manyan motocin lantarki masu nauyin tan biyu da rabi, mutum ɗaya a ciki, jirgin ƙasan birni kuma ya wuce mu ɗauke da ɗaruruwa. Idan ka ce in auna, mutanen cikin jirgin nan sun fi mu duka taimakon muhalli, ko da yake faɗin haka ba ya yi wa sana'ata daɗi.

Batun aikinka da ka yi mini cikin raha, cewa za mu kashe muku kasuwa: kwantar da hankalinka. Ƙafar mota tana nan, birki, taya, sitiyari da na'urar sanyi duk suna lalacewa. Abin da ya sauya shi ne wayoyi masu ruwan lemo da za ka gani a ciki, suna ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 400, wasu 800. Ba irin batirin bolt 12 da kake gwadawa da sifana ba ne. A nan ba a barin bakanike ya taɓa su sai ya yi kwas na musamman, da safar roba mai kauri. Idan irin motar ta zo hannunka kafin ka koya, don Allah kada ka yi mata ƙarfin hali. Yaronka na biyu da ka ce yana son wayoyi da kwamfuta, ka tura shi wannan ɓangaren, ni zan ɗauki nauyin karatun. Ka tambaye shi ka faɗa mini abin da ya ce.

Ka gaishe mini da Umma sosai, ka ce mata ina shan maganin da ta matsa mini a kai. Gaisuwa ga matarka da yara, da Auta da ya daina amsa saƙona.

Naka,
Ƙaninka