Kafin a ce matasan Maradi ba su son karatu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku.

Ana yawan kuka cewa ƴaƴanmu sun bar littafi sun rungumi waya. Kukan yana da hujja, sai dai ana ɗora laifin inda bai kamata ba. Yaron da tun shigarsa lakwal bai taɓa buɗe littafi ba sai don jarrabawa, bai san akwai karatun da ake yi don jin daɗi ba. Kuma in ya yi niyya, littafin farko da ya faɗo hannunsa shi ke yanke hukunci, ko ya ci gaba ko ya daina. Don haka nake so ku ba ni fili in faɗi yadda ake zaɓen littafi.

Cikas na farko namu ne mu ƴan Nijar, kuma ba a cika ambatonsa ba. Mafi yawanmu da Faransanci muka koyi haruffa, shi ya sa mutum yana jin Hausa kamar ruwa amma in ya buɗe littafin Hausa sai ya riƙa tuntuɓe. Abin da ya saba rubutawa "tch" zai gan shi "c", "ou" ya koma "u", "ch" ya koma "sh". Ga haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ga kuma ƴ ɗinmu da littattafan Nijeriya ke rubutawa 'y. Da yawa a shafi na uku suke ajiyewa su ce littafin ba daɗi, alhali ido ne bai saba ba. Maganin shi ne karatu da murya, shafi biyu ko uku kullum, har mako guda. Kunne ya riga ya san kalmar, shi zai gyara wa ido. Kada a yi wannan atisaye da rubutun WhatsApp, domin can galibi ba ƙugiya ba aya.

Mai farawa ya nemi abin da ke ƙarewa a zama ɗaya. A nan har yanzu ban ga abin da ya kai Magana Jari Ce na Abubakar Imam ba: littafi uku ne, amma gajerun labarai ne a ciki, kowane da ƙarshensa, ana iya karanta ɗaya bayan isha'i a rufe. Ruwan Bagaja, wanda ya rubuta yana malami a nan maƙwabta Katsina don gasar 1933, siriri ne kuma ban dariya ne daga farko har ƙarshe. Wanda Faransanci ya fi zauna masa, Sarraounia na Abdoulaye Mamani, da ya fito a 1980, labarin ƙasarmu ne, na sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899.

Daga nan sai littattafan Kano, waɗanda suka bunƙasa tun shekarun 1980, masu shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa. Ana yi musu kuɗin goro a ce duk na soyayya ne. A'a. Akwai na zaman aure da kishi, akwai na yaƙi da aljanu, akwai na binciken laifi, akwai na barkwanci. Mai saye ya tambayi kansa wace hira ke hana shi tashi daga fada, ya nemi irinta a takarda.

A gaban mai littattafai kuwa, kada bango ya ruɗe ka, don hoton sau da yawa ba ruwansa da labarin. Buɗe shafin farko ka karanta, sannan ka tsallaka tsakiya ka karanta wani. Shafin farko kowane marubuci yana ƙawata shi, tsakiya ce ke nuna ko alƙalaminsa na da ƙarfi. Sai ka tambaya labarin kashi nawa ne. Yawancin littattafan Kano a rarrabe suke fitowa, na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu, kuma marubuci da gangan yake yanke na ɗaya a daidai inda rai ya tashi. In mai shago ba shi da cikon, haƙura ka ɗauki wani, domin "zai zo mako mai zuwa" na iya zama shekara. Bayan haka bi lambobin shafi da yatsa. Bugun sata da kwafin inji sukan tsallake shafuka, ko su maimaita wasu, ko tawada ta dushe a gefen ɗinki. In an haɗa littafin da ƙarfen matsewa ne kawai, a ɗinke shi da zare tun yana sabo, a yi masa riga da takardar buhun siminti, a kuma ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da laimar damina.

Waya ma ba abokiyar gaba ba ce, yanzu a cikinta ne marubuta da yawa ke sakin labaransu. Tarkonta biyu. Na farko, shafukan kyauta: a ba ka har ka kamu, sannan a ce sauran na kuɗi ne. Biyan marubuci haƙƙinsa ne, amma kafin a tura kati ko kuɗi a tabbatar an kammala labarin, kuma lambar ta mai rubutun ce, ba ta wani da ya kwafe ya buɗe zaure da sunansa ba. Na biyu, batsa ta yi yawa a wasu, kuma sunan littafi ba ya nunawa. Uwa ko yaya ta fara leƙawa kafin ta miƙa wa ƙanwa. Wanda ke son gajeren labari da aka tace, gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta, wuri ne mai kyau na sanin sababbin sunaye.

Ga wanda aljihunsa bai da nauyi, akwai adashen littafi. Mutum goma, kowa ya sayi labari guda cikakke, a riƙa musanya duk ranar Juma'a. Abin da ke kashe irin wannan ƙungiya sananne ne: a ara wa wani na waje kashi na biyu, ya bi ruwa, sauran su zama banza. Saboda haka a ɗaure kashi-kashin wuri guda, a ba da su tare a karɓe su tare, mutum ɗaya ya riƙe kaye yana rubuta suna da rana, wanda ya ɓatar kuma ya sayo.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku ware ɗan gurbi kowane mako don littafi ɗaya. Ba sai dogon sharhi ba: sunansa, marubucinsa, irin labarin, kashi nawa ne, shekarun da ya dace da su, da inda ake samunsa a cikin gari. Ku bar masu karatu daga Tasawa da Madarunfa da Gidan Rumji su riƙa aiko da nasu zaɓin, ku kuma faɗi gaskiya in littafi bai yi daɗi ba.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Mai bibiyar shafinku,
daga Maradi