Wasiƙa Zuwa Kumasi Kan Gasar Kacici-kacici

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara baki ɗaya. Yaya Kumasi, yaya kasuwa, yaya kuma damina? Mu nan Kano sai godiyar Allah. Hajiya tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko ka manta hanyar gida ne. Saƙon goro ya iso, an raba wa dangi, kowa na sa maka albarka.

Aiki na kawo maka, shi ya sa ka ga doguwar takarda maimakon ɗan saƙon waya. Shugaban makarantarmu ya ɗora mini shirya gasar kacici-kacici tsakanin azuzuwa a ƙarshen wannan zangon karatu. Na amsa, amma da sharaɗin ba za a yi ta yadda aka saba ba, wato a jera yara a benci ana tambayarsu abin da suka haddace daren jiya daga littafin aji. So nake a yi irin ta talabijin: yaro ɗaya a kujera, tambaya ɗaya, amsoshi huɗu a gabansa, ɗaliban makaranta duka suna kallo. Kuma da Hausa za a yi.

Ka san inda na samo wannan. Ban manta yadda muke cika falon gidanku ba idan za a sa Who Wants to Be a Millionaire, muna addu'ar kada a ɗauke wuta. A 2004 aka fara shi a Najeriya, Frank Edoho ke gabatarwa, kamfanin MTN ke ɗaukar nauyi. Tambayoyi 15, kowace ta fi ta baya tsauri da tsoka, da tudun mun tsira guda biyu, a tambaya ta 5 da ta 10, inda in mutum ya wuce su ko ya faɗi daga baya ba zai koma gida hannu rabbana ba. Ga kuma taimako uku: a cire maka amsoshi biyu na ƙarya, ko ka tambayi 'yan kallo, ko ka kira wani a waya ya ba ka shawara cikin daƙiƙa 30. Kai kullum cewa kake in ka je ni za ka kira. A 2009 Aroma Ufodike ya haye tambayoyin duka ya tafi da naira miliyan 10, kuma washegari ba a yi hirar komai a majalisarmu ba sai tasa. Shirin ya tsaya a 2017, ya dawo a 2022 da Frank ɗin dai, kyautar ta koma miliyan 20.

Da na zauna shirya tawa gasar sai na bi asalin abin. A Ingila aka ƙirƙiro shi a 1998, a tashar ITV, da mai gabatarwa Chris Tarrant, daga nan ƙasashe suka yi ta sayen tsarin. Larabawa suka yi nasu a MBC da George Kordahi. Indiyawa suka fara nasu a 2000 suka ba Amitabh Bachchan kujerar, wanda ba sai na gabatar maka da shi ba. A can ne a 2011 wani saurayi daga jihar Bihar, Sushil Kumar, mai ɗan aikin kwamfuta da albashin da bai taka kara ya karya ba, ya ci rupi miliyan 50. Wanda ya fi burge ni shi ne John Carpenter na Amurka a 1999. Bai taɓa taimako ko ɗaya ba har ya kai tambayar ƙarshe, sannan ya ce a kira masa mahaifinsa. Da aka haɗa su sai ya shaida masa cewa ba taimako yake nema ba, so yake kawai ya sani cewa yanzu zai ci dala miliyan ɗaya. Ya kuwa ci. Akwai kuma na banza, wani manjan soja a Ingila, Charles Ingram, wanda a 2001 ya kai ƙarshe da taimakon wani da ke zaune a ɗakin yana tari duk lokacin da aka ambaci amsar gaskiya. Ba a biya shi ko kwabo ba, kotu kuma ta same shi da laifi a 2003. Wannan labarin zan ba yaranmu kafin a fara, don na san akwai masu sa ran yi wa abokansu ƙifce.

To ga abin da ya dame ni, wanda shi ne ainihin dalilin rubuto maka. Ana kiran waɗannan tambayoyi ilimin yau da kullum, abin da ya kamata kowa ya sani. Amma wane ne kowa? Mace ta farko da ta ci fam miliyan ɗaya a Ingila, Judith Keppel, a 2000, tambayarta ta ƙarshe ita ce wane sarki ne ya auri Eleanor ta Aquitaine. Amsar Henry na Biyu. Wannan tarihin gidansu ne, kuma daidai ne a tambaye ta shi. Carpenter shi ma a kan shugaban ƙasarsu aka tambaye shi, Richard Nixon. Kowace ƙasa tana auna mutanenta da abin da ke cikin tukunyarta. Mu kuwa yaronmu na Ƙofar Mata ko Fagge, in ya zauna gaban irin wannan shiri, abu biyu ke tare shi kafin ma a zo ga saninsa: harshen da aka yi tambayar, da duniyar da aka ɗauko ta. Sai ya tashi da tunanin cewa shi bai san komai ba. Alhali yaron nan ya san surorin Alƙur'ani a jere daga sama har ƙasa, ya san wace kasuwa ke ci ran Alhamis, ya san bambancin gero da maiwa da dauro, ya san 'yan wasan Kano Pillars da na Arsenal duka. Ba wanda ya taɓa ce masa wannan ma sani ne da za a iya ba shi maki a kai. Wannan abin yana ci mini rai, domin ina ganinsu a aji kullum, yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da suka riga suka yanke wa kansu hukuncin cewa gasa ta 'ya'yan wasu ce.

Ba ina nufin mu rufe ƙofa mu tambayi namu kaɗai ba. Dole yaro ya san babban birnin Masar, ya san duniyar da ta fi kusa da rana, ya san abin da ke sa husufin wata. Abin da nake so shi ne a cakuɗa, tambayar Kusugu ta zauna kusa da tambayar Tekun Bahar Rum, kowace da makinta daidai.

Na fara rubutawa, na kuma gane cewa tsara tambaya mai kyau sana'a ce. Wahalar ba ta cikin amsar gaskiya, tana cikin ukun ƙarya. In suka yi nisa da gaskiya, ko wanda bai sani ba zai cinka. In ka ce a wane gari aka haifi Nnamdi Azikiwe, ka jera Onica da Inugu da Kalaba da Zungeru, to ka yi tambaya, domin hankali zai ja yaro gabas, amsar kuwa Zungeru ce, a 1904, lokacin da garin yake hedkwatar Turawan mulki a Arewa. Wanda ya faɗi wannan tambaya ma ya ƙaru, don ba zai sake mantawa ba. Haka tambayar wane gari ne babban birnin Nijar kafin Yamai: Maraɗi, Agadas, Tawa ko Damagaram. Damagaram ce, har zuwa 1926. Ina da ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da ta shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, 1911, da ta Sashen Hausa na BBC da ya fara watsa shiri a 1957, da ta sarkin da ya kafa kasuwar Kurmi, Muhammadu Rumfa. Ta Hausa Bakwai kuwa juya ta na yi: wanne ne ba ya ciki, Rano, Biram, Gobir ko Zamfara? Amsar Zamfara ce, amma ina sa ran da yawa za su nuna Biram don ba su saba jin sunanta ba.

Wasu kuma na rubuta na soke. Wace shekara aka gina ganuwar Kano? Ba ta da amsa ɗaya, tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Wane kogi ya fi tsawo a duniya? Har gobe masana na jayayya tsakanin Nilu da Amazon. Duk tambayar da malamai biyu za su yi musu a kanta ba ta da wuri a gasar yara, domin in ka kayar da yaro a kan amsar da ke da hujja, ka zalunce shi a gaban jama'a.

Akwai abu ɗaya a shirin talabijin ɗin da nake ganin ya fi kuɗin muhimmanci, wato damar da mutum yake da ita ya ce ya tsaya nan, ya ɗauki abin da ya samu ya tafi. Mutane da yawa sun zubar da dukiya don sun kasa furta cewa ba su sani ba. An ruwaito cewa Imamu Malik ya sha amsa tambayoyi da "ban sani ba", bai kuma rage masa daraja ba. Ina so yaranmu su koyi wannan. Na samo masa hanya daga wasanmu na dandali. Ka tuna in aka yi maka ƙulun ƙulufita ka ce gauta, aka kawo maka "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya" ka rasa, sai ka ce ka ba da gari, a karɓi Katsina ko Daura sannan a gaya maka tsintsiya ce. To a gasarmu duk wanda ya ga tambaya ta fi ƙarfinsa zai ce "na ba da gari", ya sauka da makinsa cikakke, a tafa masa. Wanda ya yi cinke ya faɗi kuwa zai koma tudun da ya wuce. Ba kuɗin shiga, ba saƙon waya da ake cire wa mutum kuɗi, don kada iyaye su ga kamar caca muka kawo makaranta. Kyautar littattafai ce da jakunkuna.

Yanzu ga naka aikin. Ku a Gana kun riga mu nisa a wannan fanni. Na daɗe ina bin gasarku ta kimiyya da lissafi ta makarantun sakandare, wadda aka kafa tun 1993, wadda Farfesa Elsie Effah Kaufmann ta shahara da gabatarwa. Na ga yadda gari ya ɗauka lokacin da Prempeh College ta garinku Kumasi ta ci kofin a 2021, tsofaffin ɗalibai manya da su suna rawa a titi saboda yara uku sun warware lissafi. Ka binciko mini wurin malaman da ka sani yadda suke horar da yaransu, da yadda suke tace tambaya kafin ta kai gaban alƙali.

Na biyu, ina son tambayoyi kan zango, wato unguwannin Hausawa na ƙasarku. Yaranmu ba su san cewa akwai Hausawa a Kumasi da Accra da Tamale tun zamanin fataucin goro ba. Ba su san Salaga, tsohon garin kasuwar goro, ba, ba su san cewa Alhassan Ɗantata ya yi fataucin goro a ƙasarku kafin ya shahara da gyaɗa a Kano ba, ba su taɓa jin sunan Alhaji Umaru na Kete Krachi ba, malamin da aka haifa a Kano ya yi rubuce-rubucensa a can. Ka zauna da dattawan unguwarku ka rubuto mini abin da ya samu, kowace tambaya da amsoshinta huɗu, ka ja layi a ƙarƙashin ta gaskiya. Wadda dattawa suka saɓa a kanta ka bar ta. Ka sa masu sauƙi da masu tsauri, kada ka ji tausayinsu da yawa, akwai wata yarinya a aji biyar da nake zaton za ta cinye duk abin da na tanada.

Ina so su iso kafin a fara jarrabawa, don in samu lokacin nuna wa malamin tarihi ya duba. In Allah ya sa za ka zo gida a lokacin hutu, ka daidaita tafiyarka da ranar gasar, akwai kujerar alƙali da na ajiye maka.

Ka gaishe da uwargida da yara, da Malam limamin unguwarku, da duk 'yan majalisa. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naka amini,
daga Kano