Hajiya ba za ta zo suna ba

Mutumina,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Maraɗi baki ɗaya. Na san ka ƙullace ni, wata huɗu ba ka ji ɗuriyata ba sai "Juma'a Mubarak" a WhatsApp. Ka yi haƙuri, yau bakina cike yake.

Albishirinka. Maiɗakina ta sauka lafiya daren Talata, an samu mace, da ita da uwar duk ƙalau. Hancin gidanmu ta ɗauko, saboda haka ka fara tara wa ɗanka sadaki tun yanzu, kuma kada ka ce za a cire daga dubu ukun nan ta mai shayin bakin tasha, wannan lissafi daban ne.

Sai dai farin cikin ya zo da ƙaya. An hana Hajiya, kakar jaririyar, bizar zuwa nan Jamus. Sau biyu tana yin doguwar tafiya daga Katsina, ta kwana gidan mutane, ta yi layi tun asuba, aka ɗauki hoton yatsunta. Amsar ta zo a takarda ɗaya, an yi ɗan maki a gefen layi guda: wai ba su gamsu za ta koma gida ba. Hajiya fa! Matar da ko Kano ta je ba ta iya kwana uku saboda awakinta. Ta riga ta daka yajin jego ta ɗura a gwangwanin madara biyu, ta ƙulle kanwa da daddawa a leda. Da na kira ta, cewa ta yi, "Ba komai, haka Allah Ya so," sannan ta tambaye ni wa zai yi wa yarinyar nan wanka. A nan na kasa magana.

Ka tuna dattijon nan Bayahude na hawa na uku, wanda na ce maka ba ya shiga lif ranar Asabar? Shi ya tarar da ni zaune a matakala da takardar a hannu. Ya karanta, ya ninke ta, ya ce ran Lahadi in shirya zai kai ni wani wuri. Daga nan Mainz muka hau jirgin ƙasa zuwa Worms, tafiyar kamar rabin awa.

Maƙabarta ya kai ni, tsohuwar maƙabartar Yahudawa wadda wasu duwatsunta sun kusa shekara dubu. Ba a shiga kai ba hula, tawa zanna bukar ta wadatar. Kusa da ƙofa akwai kaburbura biyu manne da juna, samansu cike da tsakuwa da 'yan takardu da masu ziyara suka danne. Ɗaya na babban malaminsu ne, Rabbi Meir na Rothenburg. A 1286 sarkin Jamus Rudolf ya matsa wa Yahudawa da haraji, yana ɗaukarsu tamkar kayan baitulmalinsa, wanda ya tashi kuma a ƙwace abin da ya bari. Malamin ya kwashi iyalinsa ya nufi ƙasa mai tsarki. A hanya, wajen Lombardi, aka gane shi aka kama, aka tsare shi a kurkukun Ensisheim. Abin da suke ruwaitowa shi ne jama'arsa sun tara kuɗin fansa mai yawa, shi kuma ya hana a biya, don kada sarakuna su mai da kama malamai sana'a. A tsare ya rasu a 1293. Gawar ma ba su sake ta ba sai 1307, da wani attajiri, Alexander Wimpfen, ya zuba dukiyarsa ya karɓo ta, ya roƙi abu ɗaya: a binne shi kusa da malamin. Shi ne kabari na biyu.

Muna tsaye a nan ya yi mini bayanin da har yanzu yake yawo a kaina. Ya ce suna da ƙa'ida tun ƙarni na uku, daga wani malaminsu na Iraƙi mai suna Shmuel: dokar sarki doka ce. Duk ƙasar da Bayahude ya zauna, haraji da kwastan da dokar kasuwa sun hau kansa a addinance. Amma malaman sun raba tsakanin dokar sarki da fashin sarki. In doka ta hau kan kowa daidai, don amfanin ƙasa, a bi. In sarki ya ware wasu ya ce ba za su fita ba don yana tatsarsu, ko ya cinye gidan wanda ya yi ƙaura, wannan fashi ne ko da an buga masa hatimi. Ya ce asalin labarinsu ma ai a nan ya fara, da Annabi Musa a gaban Fir'auna yana cewa ya saki mutanensa su tafi. Na ce masa wannan kam mun karanta tun muna riƙe da allo.

Shi bai karanta a littafi kawai ba. A Leningrad aka haife shi. Yayansa ya nemi izinin fita a shekarun 1970, aka ƙi, washegari kuma aka sallame shi daga aiki, injiniya guda ya koma gadin tukunyar ɗumama gidaje. A 1972 har haraji Tarayyar Sobiyet ta ɗora wa masu digiri, sai ka biya kuɗin karatunka kafin ka fita. Ya ce a lokacin, kalmar nan ta Annabi Musa ce Yahudawan Amurka da Ingila suke rubutawa a kwalaye suna zanga-zanga.

Kada ka ɗauka yana cewa duk rufe hanya zalunci ne. Su da kansu suna da iyakar tafiya ranar Asabar, kamu 2,000 daga ƙarshen gari, wajen kilomita ɗaya, kuma a ƙafa. Kuma a Talmud, babban littafin malamansu, an ce in annoba ta shigo gari, ka tattara ƙafafunka ka zauna a gida. Ceton rai a wurinsu yana gaba da kusan kowace doka, har da ta Asabar. Saboda haka bai ji daɗin abin da ya faru a Satumbar 2020 ba, lokacin da mabiya Rabbi Nachman fiye da dubu suka maƙale a iyakar Belarus da Yukren, suna son kai ziyarar shekara kabarinsa a Uman alhali an rufe ƙasar saboda korona. Ya ce ya tausaya musu, da yara a cikin sanyi, amma wannan rufewar dokar sarki ce ta gaskiya. Nan take na tuna Baffa, yadda ya biya kuɗin kujera a shekarar aka ce ba Hajji ga na waje, da yadda liman ya karanto masa hadisin annoba, kada a shiga kada a fita, ya haƙura.

Af, an ce mini Baffan ya ƙara aure? Kai ne ba ka faɗa mini ba, sai a bakin 'yan Jibiya na ji. Kuma wai motar nan taka mai tari har yanzu tana hawa titi. Ka ji tsoron Allah ka sayar da ita.

To, na tambayi dattijon nan kai tsaye: takardar Hajiya fa, dokar sarki ce ko fashin sarki? Bai yi mini daɗin baki ba. Ya ce hana fita daban, hana shiga daban, kuma malamansu sun fi tsananta wa na farko. Har ya ce a zamanin da, unguwannin Yahudawa na Jamus da Faransa su ma suna da dokar hana baƙo zama sai da yardar 'yan gari, don tsoron a raba musu abinci. Amma ya ƙara da cewa a ruwayarsu, babban laifin mutanen Annabi Luɗu har da wannan: ƙasarsu ta yi albarka, sai suka ce mu kashe hanyar matafiya kada wani ya zo ya ci. Ya kawo mini jirgin ruwan St. Louis na 1939, mutum fiye da 900 da suka gudo daga Hitler, Kuba ta ƙi su, Amurka ta ƙi su, aka mai da su Turai. Ya ce mai ƙofa yana da iko da ƙofarsa, amma za a tambaye shi wa ya mayar.

Na san abin da ke bakinka, kuma na faɗa masa. Na ce to Falasɗinawan da ke kwana a shingen bincike, da na Gaza da ba shiga ba fita, a wane babi suke? Mun daɗe a kan wannan a jirgin dawowa. Ya kawo maganar tsaro, na ce tsohuwa mai zuwa asibiti ba ta da bambanci da Hajiya. Bai amsa duka ba, ni ma ban janye ba. Da za mu rabu ya ce nassin da ya karanta mini bai ware kowa ba, kuma wannan yana hana shi barci wani lokaci. Na yarda da gaske yake.

Kai ma ai ka ɗanɗana. Daga ƙarshen Yulin 2023 har Maris ɗin 2024 da aka rufe iyakarmu, tsakanin Maraɗi da Katsina, ka rasa jana'izar gwaggonka, ga albasa tana ruɓewa a manyan motoci. Sojoji da shugabanni suka yi rigimarsu, talaka ya biya. Wannan ni ban ga ta inda za a kira shi dokar sarki ba.

Zan ɗaukaka ƙara, dattijon ya ce zai taya ni rubutawa da Jamusancinsa da ya fi nawa, amma ko an dace sai bayan arba'in. Yanzu ga roƙona. Suna ran Talata ne. Na tura wa ƙanena kuɗin rago, a gidan Hajiya za a yanka. Don Allah ka tsallako ka tsaya a madadina, ka zo da wayarka mai kyau da caji cike, ka riƙe mata ta ga jikarta lokacin da za a raɗa suna, don sunanta za a sa. Kada ka faɗa mata tukuna. In ka ga mai zuwa nan cikin watan, a ba shi gwangwanin yajin ko ɗaya ne.

Ka gaida uwargida da yara, da mai shayi.

Naka har kullum.