Rahoton Ayyukan Ƙungiyarmu na Shekarar 2024

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa maza da mata. Ga bayanin abin da kwamiti ya yi da amanar da kuka ba shi a shekarar 2024.

Babban aikinmu shi ne adashen hatsi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya hau, farashin kwano kuma ya bi shi, shi ya sa muka haɗa kuɗi tun kakar bara muka yi sari a kasuwar Dawanau: gero, masara da wake. Waken a buhunan PICS muka zuba shi, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Ana matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya mutu don kansa ba tare da an zuba fiya-fiya ba. Buhu ɗaya ne ya lalace, shi ma ɓera ne ya huda shi saboda an jingina shi da bango a ƙasa. Yanzu duk a kan katako suke.

Amfanin wannan tanadi ya fito ranar 1 ga Agusta, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe, gwamnatin Kano ta sa dokar hana fita ta awa 24. Shaguna a rufe, amma gidajen da suka shiga adashen ba su rasa na ɗora tukunya ba.

Inda muka gaza shi ne ruwa, kuma kwamiti ya amsa laifinsa. Da wuta ta ɗauke a yawancin jihohin Arewa a ƙarshen Oktoba, fiye da mako guda, burtsatse ta tsaya, 'yan ga-ruwa suka ƙara kuɗin jarka, injin niƙa ya koma kan mai. Sai ga masara jibge a ɗaki, babu gari, babu ruwan tuƙa tuwo. Mata ne suka fitar da mu da turmi da taɓarya. Tun a taron farkon shekara sun kawo maganar randa da duro, mu maza muka ce ba da gaggawa ba ne.

Mun tara tufafi da ɗan abin da ya samu don 'yan uwanmu na Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba. An kuma koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari saboda gudawa: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Wasu sun nemi ƙungiya ta riƙa ajiye fetur a jarkoki. Mun ƙi, kuma ba za mu canza ba, a unguwar da ake girki da gawayi a tsakar gida.

A shekara mai zuwa duro biyu muke so a kowane gida, da murfi, sai farantin sola a kan burtsatsen masallaci. Wanda bai cika kuɗin adashensa ba ya ga ma'aji kafin taro na gaba.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya