Baƙin mai ba na injin tona ba ne

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili domin jan hankalin matasan Kaduna da suka fara sayen ƙananan injunan tona, wato masu juya ƙarfe ana feƙe shi, sababbi 'yan China ko na hannu daga Panteka, suna koyon feƙe ƙarfe a gida. Abin a yaba ne. Sai dai yawancin waɗannan injuna ba yawan aiki ke kashe su ba, mai ne: ko babu, ko an sa wanda bai dace ba.

Ran injin tona yana kan gadonsa, wato layukan nan masu santsi da sirdi, sashen da ke ɗauke da wuƙar feƙewa, ke zamewa a kansu. Abin da aka saba shi ne mutum ya je gareji ya ɗebo baƙin man da aka juye daga mota ya lafta wa gadon, wai ai mai mai ne. Baƙin mai cike yake da toka da ɓarɓashin ƙarfen injin da ya fito daga cikinsa. Ƙurar hunturu na sauka a kai, ya zama kamar an kwaɓa yashi, duk kai da kawowar sirdi yana cin gadon. Cin kuma ba ya tafiya bai ɗaya, ya fi yawa kusa da cok, bakin da ke damƙe ƙarfen da ake feƙewa, inda ake yawan aiki. Alamarsa ita ce ka feƙe sanda, ka auna, ka ga kai ɗaya ya fi ɗaya kauri, sirdin kuma yana rawa a gaba yana cijewa a baya. An kai nan, sai an sake daidaita gadon gaba ɗaya da inji, kuma a ƙaramin inji kuɗin gyaran kan kusa na sabo. Giris ma haka: yana riƙe ɓarɓashi kamar danƙo, bai kamata ya taɓa gado ba.

Man gado na musamman ne, mai lamba ISO VG 68, irin su Mobil Vactra No. 2 ko Shell Tonna 68. Yana da ɗan yauƙi da ke hana shi tsiyayewa. Idan bai samu ba, man haidirolik mai lamba 68 zai riƙe, sai dai a riƙa sawa akai-akai. Sabon man mota ya fi babu, amma an yi shi ne ya riƙa yawo da datti zuwa filta, shi kuwa ƙaramin injin tona ba shi da filta.

Kafin fara aiki kullum, a goge gadon da tsumma mai tsabta, a ɗiga mai uku ko huɗu a kowane layi, a murza sirdi har ƙarshe a dawo da shi. Man da ya fito baƙi a share, a sake ɗigawa har ya fito fes. Akwai 'yan ƙananan bakuna na tagulla masu ƙwallo a tsakiya, a kan sirdi da wutsiyar injin. Na mai ne, ba na giris ba. A share bakin tukuna don kada a tura ƙura ciki, a danna ƙwallon da tsinin butar mai, a matsa sau biyu. A kusurwoyin sirdi kuma akwai 'yan sosuna da ke share gado, waɗanda kusan kowa ke mantawa da su. A lokacin hunturu a kwance su duk wata, a wanke da kananzir, su bushe, a jiƙa da mai a mayar.

Kan injin, wato sashen da ke juya cok, ya danganta da irinsa. Mai akwatin giya yana da ɗan gilashin duba mai: a tsayar da man a tsakiyar gilashin, da lambar da littafin injin ya faɗa. Idan ya koma kalar madara, ruwa ya shiga, a juye. Kada a zuba masa man giyar mota mai warin nan, sinadarin da ke cikin wasunsu yana cin tagulla. Ƙananan 'yan China galibi boris ɗinsu a rufe yake, ba ya buƙatar komai. Giyoyin gefe kuwa ɗan giris kaɗan ya isa, kuma wajen haɗa su a sa siririyar takarda tsakanin haƙora kafin a ɗaure, sannan a zare ta. An matse su ƙam, sai kuka da karyewar haƙori, musamman na roba.

Doguwar sandar zare a wanke ta da tsohon buroshin haƙori da kananzir, a bi da mai marar kauri. Cok ɗin da ya fara juya aiki a karkace sau da yawa ba lalacewa ya yi ba, ɓarɓashi ne a ciki. A fitar da haƙoransa, a wanke, a mayar bisa lambobinsu, 1, 2, 3. Mai kaɗan, in ba haka ba zai zana wa mutum layi a gaban riga.

Kada a hure inji da iskar kwampreso, tana cusa ɓarɓashi ƙarƙashin sirdi ne. Buroshin fenti ya fi. In za a goge aiki da sanfefa, a shimfiɗa takarda a kan gado, injin wasa wuƙa kuma a nisanta shi. Da damina tsatsa ce abokiyar gaba: a shafe duk inda babu fenti da mai kafin a tashi, a rufe da zane, domin leda na tara gumi.

Duk wannan shara da shafe-shafe a yi su bayan an zare filogi. Idan an ɗauke wuta ana cikin aiki, a kashe makunni nan take, domin wasu tsofaffin injuna da kansu suke tashi in an dawo da ita. Ba safar hannu, ba babbar riga, a naɗe hannun kaftani, kuma makullin cok kada ya zauna a jikin cok ko da na ɗan lokaci ne.

Wassalam.

Wasu masu sana'ar tona,
Tudun Wada, Kaduna.