Auta Ya Samu Gurbi, Gida Ya Rikice

Assalamu alaikum mutumina,

Tun ƙaramar Sallah ban ji ɗuriyarka ba, ko Fatakwal ce ta haɗiye ka? Ya iyali, ya uwargida da sojojinta? Dama tambaya gare ni kan mutumin nan naka mai injin buga takardu, amma bari in fara da abin da ya hana mu barci.

Auta ya samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya, kuma zane zai karanta. Ranar da sunansa ya fito Hajiya har da guɗa, a zatonta zanen gidaje ne. Da Baba ya gane inda aka dosa sai ya kashe rediyo ya ce, "Shekara huɗu ina biyan kuɗi don yaro ya ƙware a ɓata bango?" Ka san tun Auta yana rarrafe gawayin Hajiya bai huta ba.

Ni aka tura Samaru in gano. Na shiga ɗakin aikinsu, warin fenti da kananzir ya buge ni tun daga ƙofa. Wata ɗaliba na durƙushe tana lulluɓe yumɓu da jiƙaƙƙen tsumma kada ya bushe, hijabinta duk ɗigon shuɗi. Wurin ba na yau ba ne, tun 1955 aka dawo da karatun Zariya daga Ibadan, kafin ma a kafa jami'ar a 1962. Nan manyan masu zane su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka yi karatu, waɗanda a 1958 suka haɗa ƙungiyar da ta ce ba za a yi ta kwaikwayon Bature kaɗai ba. Sai kuma na leƙa lambun da suke jera sassaƙe-sassaƙe, mutum-mutumi tsaye ko'ina. Nan gabana ya faɗi, don abin da Baba ke gudu ke nan. Wannan ban kai masa rahoto ba. Auta dai ya rantse in an zo zaɓen ɓangare fenti zai bi, dagi da rubutun Larabci da zanen soraye irin na cikin birni.

Kai kam ba ka da bakin magana. Ban manta saniyar da ka zana a aji huɗu ba, wadda malam ya tambaya ko teburi ne.

Na lissafa wa Baba hanyoyin abinci: koyarwa, bangon littafi, tallan kamfanoni, shirya wurin ɗaukar fim a Kano, ga fastocin 'yan siyasa in zaɓe ya matso. Na zaro naira 20 na nuna masa Ladi Kwali, maginiyar tukwane, wadda ABU ɗin ma ta ba digirin girmamawa a 1977. Ya juya takardar ya ce ko ruwan leda ba ta saye. Na ce an sayar da wani zanen Ben Enwonwu a Landan sama da fam miliyan ɗaya a 2018. Ya ce shi mai zanen nawa ya samu? Dole na ce ya rasu tun 1994. Hajiya ta kusa ƙwarewa don dariya.

Af, Alhajin bayan layinmu ya ƙara ta uku, ta biyun ta yi yaji sati guda ke nan.

Jiya da daddare na iske Baba shi kaɗai da tocila yana duba hoton ƙofar gidanmu da Auta ya zana, har tsagewar da ke gefen dakali ta fito. Yana ganina ya tura shi ƙarƙashin darduma ya hau tambayata farashin taki. Litinin za a biya kuɗin rajista, har yanzu bai ce e ba. Ka kira shi don Allah, kai yake jin maganarka.

Ka gaida yara.

Naka har kullum.